Haɗa na'urar da za ta gaya maka lokacin ban-ruwa ta waya

Wani ɓangare na man da injin ban-ruwa ke sha a gonar tumatir ko albasa yana tafiya ne a kan ƙasar da ba ta bushe ba tukuna. Ƙaramar na'ura a gonar za ta auna danshi, ta tura lambar zuwa ma'ajiyar intanet, ka duba a wayarka kana gida.

Kayan aikin su ne allon ESP32 (ƙaramar kwamfutar da ke tafiyar da aikin), ma'aunin danshi samfurin Capacitive v1.2, SIM800L (na'urar da ke tura saƙo ta layin waya) da layin waya mai data, batir 18650, cajar TP4056, faifan sola mai bolt 6, da abin daidaita wuta zuwa bolt 3.3 don allon. Guji ma'auni mai ƙafa biyu na ƙarfe, tsatsa ke cinye shi da wuri.

Haɗa wayar sakamakon ma'aunin a ƙafar allon mai suna GPIO34. Kafin ka binne shi, karanta lambar da yake bayarwa a busasshiyar iska, sannan a cikin kofin ruwa. Allon yana ƙirga daga 0 zuwa 4095, kuma lambar tana hawa ne idan ƙasa ta bushe. Gwaji na uku shi ne mai muhimmanci: shayar da kwamin ya ƙoshi, ka ɗauki lambar washegari, da ita za ka riƙa kwatanta lambobin da za ka gani a waya. Ƙasar laka ta fadama da ta jigawa ba sa bayar da lamba ɗaya. Binne ma'aunin zurfin santimita 15 zuwa 20, inda saiwa take, bayan ka shafe kansa da gam mai hana ruwa.

Inda aikin ya fi lalacewa shi ne wuta. SIM800L kan ja har amfa 2 a daidai lokacin turawa, sai ya mutu ya sake tashi. Ba shi wuta kai tsaye daga batir da gajeriyar waya mai kauri, ka sa kafasita (ƙaramin ma'ajin wuta) mai 1000µF dab da shi. Da 2G kaɗai SIM800L yake aiki, don haka ka gwada sabis a gonar tukuna.

Buɗe tasha a ThingSpeak, shafin intanet da zai ajiye lambobin, ka sa allon ya farka duk minti 30, ya tura, ya koma barci. Akwatin da za ka sa kayan a ciki kuwa a inuwa za ka ɗaura shi, domin batirin ba ya jure caji a zafin da ya haura digiri 45, kuma akwatin roba a ranar Afrilu yakan wuce haka.