Yadda za ku raɗa wa jaririnku baƙon suna ko da dangi ba su so

Suna linzami ne, kuma wanda zai ɗauke shi shekara saba'in ko tamanin ba ya cikin masu gardamar, yana can kwance yana barcinsa. Saboda haka kafin ku tunkari kowa, ku fara tabbatar da cewa sunan zai yi wa yaron daɗin ɗauka. Iyayen da suka gwada sunansu sosai ba sa rawar murya a gaban dangi.

Ku rubuta sunan a takarda tare da sunan mahaifi, ku miƙa wa mutum 5 da ba su taɓa ganinsa ba, kowa ya karanta da ƙarfi. Idan 3 suka yi tuntuɓe, to ku sani haka yaron zai yi ta gyara wa malamai da ma'aikatan asibiti har ya tsufa. Sannan ku juya gwajin: ku faɗa wa wasu 5 ta waya, su rubuto muku abin da suka ji. Rubutu iri biyu ba matsala ba ne, iri huɗu kuwa alama ce. Ku ƙwala kiran sunan kamar yaron ya nufi titi a guje, ku kuma faɗe shi a hankali kamar kuna lallashinsa da dare. Akwai sunan da ke da kyau a ido amma ya maƙale a maƙogwaro.

Ma'ana ita ce inda aka fi yin ganganci. Shafukan sunaye na intanet kwafar juna suke yi, kuskure ɗaya sai ya bazu ko'ina. Ku nemi wanda harshen da sunan ya fito nasa ne, ku tambaye shi abu biyu: me kalmar ke nufi, kuma su can suna raɗa wa mutum ita? Ku bi sauran harsunan da yaron zai tashi a cikinsu, kada kalmar ta zama zagi a wani. Ku kuma gutsure sunan da kanku yadda yara za su gutsure shi a filin wasa, ku ji abin da ya rage.

Sai batun takarda. Layuka biyun da ke ƙasan shafin fasfo, waɗanda na'ura ke karantawa, gurbi 39 kacal suka ware wa suna, kuma daga A zuwa Z kawai suke ɗauka. Haruffa masu lanƙwasa irin ƙ da ɗ da ɓ, da masu ɗigo ko alama a kai, duk canzawa suke yi a wurin. Ku tsayar da rubutu ɗaya tun ranar rajista, ku duba shi harafi bayan harafi kafin ku sa hannu, domin bambancin harafi ɗaya tsakanin takardar haihuwa da ta makaranta yakan jawo zirga-zirgar rantsuwa a kotu bayan shekara 18. Doka ma tana da ta cewa a wasu ƙasashe. A Faransa an sakar wa iyaye mara tun 1993, amma alƙali na iya soke sunan da zai cutar da yaro, kamar yadda aka soke Nutella, sunan wani cakulan da ake shafa wa burodi, aka mayar da shi Ella. New Zealand ba ta karɓar sunan da ya yi kama da sarauta ko muƙami. A Iceland wata yarinya ta kai shekara 15 takardunta na ɗauke da kalmar "yarinya" kawai a gurbin suna, sai a 2013 kotu ta amince da sunanta. Wa'adin rajista ma ya bambanta: kwana 5 a Faransa, 21 a Scotland, 42 a Ingila. Ku tambayi ofishin rajistar inda kuke tun ciki bai tsufa ba.

Yanzu dangi. Abu na farko, bakin miji da mata ya zama ɗaya. Idan ɗayanku yana ɗari-ɗari, ta nan za a shigo. Kowa ya sanar da ɓangarensa da kansa, kuma kada a kuskura a ce "ai ita ce ta nace" ko "shi ya matsa". Wannan kalma tana sauke wa mai faɗinta nauyi na minti biyar, ta ɗora wa abokin zamansa laifin da surukai za su riƙa tunawa duk sanda aka kira yaron.

Lokacin faɗa ma yana da muhimmanci. Wanda ya bayyana suna ciki yana wata huɗu ya ba masu adawa wata biyar na kai gwauro da kai mari. Amma abin da ya fi yi wa iyaye ciwo shi ne su ji a bakin bare. A ganinmu, kakannin yaron su fara ji, su kaɗai, ba a cikin taro ba, gab da haihuwa ko da zarar an sauka. Kuma a kai musu shi a matsayin abin da aka gama: "Baba, mun tsayar da suna, mun so ku fara ji daga bakinmu." Idan kuka ce "ya kuka gani?", kun buɗe ƙuri'a, kuma wanda aka nemi shawararsa aka ƙi ɗauka ya fi wanda aka sanar jin haushi.

In fuska ta canza, kada ku shiga kare kai. Ku ce, "Mama, mene ne ya dame ku game da shi?" sannan ku yi shiru ku saurara, domin ƙin suna iri biyu ne. Akwai wanda don yaron ake yi: sunan yana da mummunar ma'anar da ba ku sani ba, ko ya saɓa wa addininku, ko sunan wani ne da ya taɓa cutar da gidan tun ba a haife ku ba. Wannan ku ɗauke shi da gaske, ku kwana biyu a kansa, sauya ra'ayi a nan ba faɗuwa ba ce. Akwai kuma wanda tushensa baƙunta ce kawai, ko kuma an so a yi wa wani takwara ba a samu ba. Wannan ba sunan ake ƙi ba, ana tsoron an manta da mamaci ne ko an raina babba. Maganinsa girmamawa: a sa sunan da suke so a tsakiya, ya shiga takardar haihuwa, a nuna musu da idonsu. Sunan tsakiya na yau da kullum yana da wani amfanin, domin yaron zai iya komawa gare shi in ya girma ya ga dama.

Bayan an raɗa, za a sami gwaggo ko kawun da zai ƙi furta shi. Idan kaka ta laƙaba wa jikanta laƙabi na ƙauna, ku ƙyale ta. Amma mai murguɗa sunan da gangan don a yi dariya, wanda ya fi kusa da shi a cikinku ya ja shi gefe sau ɗaya, a mutunce, tun yaron bai yi wayo ba. Mai kuskuren furuci kuwa a maimaita masa daidai a cikin hira, ba tare da an mayar da abin darasi ba. Jariri yakan fara gane sunansa tsakanin wata huɗu da shida, don haka ku biyun ku riƙe furuci ɗaya a gida. Idan kuma ku ne da kanku kuka ji sunan ya ƙi zama a bakinku bayan makonni, ku je ofishin rajista da wuri. A Ingila ana iya sauya sunan farko cikin wata 12 da yin rajista, kuma kusan ko'ina gyaran ya fi sauƙi kafin a buɗe wa yaro fayil a makaranta.