Kurakuran da Aka Fi Yi Game da Asalin Ikon Kotu na Soke Doka a Amurka

Kuskuren da ya fi yaɗuwa a rubuce-rubucen ɗalibai shi ne cewa Alƙalin Alƙalai John Marshall ne ya ƙirƙiro ikon da kotu take da shi na soke dokar da ta saɓa wa tsarin mulki, a shari'ar Marbury da Madison ta 1803. Gaskiyar magana ita ce Marshall ya tarar da tunanin a ƙasa. Tun a 1787 kotun jihar Karolina ta Arewa, a shari'ar Bayard da Singleton, ta ƙi aiki da dokar da ta hana waɗanda aka ƙwace wa dukiya a lokacin yaƙin neman 'yanci a saurari ƙararsu a gaban 'yan ƙasa masu taya alƙali yanke hukunci. A 1788 kuma Alexander Hamilton ya kare wannan iko a maƙala ta 78 cikin maƙalolin Federalist, waɗanda aka rubuta don jan hankalin jama'a su amince da kundin tsarin mulkin Amurka, sannan a 1796 Kotun Ƙoli da kanta ta auna harajin kekunan doki da ma'aunin tsarin mulki a shari'ar Hylton, sai dai ta bar dokar a tsaye. Gyaran shi ne a rubuta cewa Marbury ce shari'ar farko da Kotun Ƙoli ta fito fili ta soke wani sashe na dokar majalisar tarayya.

Wasu kuma sukan ce kundin tsarin mulkin ne ya ambaci ikon ƙarara. Bai ambata ba. An tsamo shi ne daga sashe na 3, wanda ya yi magana kan kotuna, da na 6, wanda ya ɗora kundin a kan kowace doka.

Inda ya fi dacewa a tsaya a nutsu shi ne sakamakon shari'ar, domin da yawa suna zaton William Marbury ya yi nasara. Shugaba John Adams ne ya naɗa shi ƙaramin alƙali a Washington dab da saukarsa daga mulki, amma takardar naɗin ba ta isa hannunsa ba, kuma wanda alhakin aikawa da ita ya rataya a wuyansa shi ne Marshall ɗin nan, wanda a lokacin yake riƙe da muƙamin sakataren harkokin waje. Marbury ya nemi Kotun Ƙoli ta umarci James Madison, sakataren harkokin waje na sabon shugaba Thomas Jefferson, ya ba shi takardar. Kotu ta amince Marbury yana da haƙƙi, amma ta ce sashe na 13 na Dokar Kotuna ta 1789, wanda ya dogara da shi ya kawo ƙararsa kai tsaye, ya ba ta hurumin da kundin bai ba ta ba, don haka ta soke wannan tanadi na sashen. Marbury ya tashi a tutar babu, gwamnatin Jefferson kuma ba ta sami umarnin da za ta bijire wa ba. A ganina nan ne hikimar Marshall ta fi fitowa.

Kada kuma a ce daga nan kotun ta shiga soke dokokin tarayya ba ƙaƙƙautawa, domin ba ta sake yin haka ba sai a shari'ar Dred Scott ta 1857, bayan mutuwar Marshall da shekara 22.