Kafin Ku Hau Jirgin Ruwa Zuwa Tsibiran Girka

Kusan duk wanda ya sauka a Atina, babban birnin Girka, da zarar zafi ya shigo kuma ya fara taɓa kuɗin aiki, sai hankalinsa ya koma kan tsibirai, musamman Santorini da Mikonos waɗanda hotunansu suka cika Facebook. Babu laifi a wannan, domin wanda ya yi shekara yana wanke kwanuka ko ɗaukar kaya ya cancanci ya huta. Abin da ke damuna shi ne yadda sababbin zuwa suke shirya tafiyar kamar za su shiga motar haya zuwa ƙauye.

Hawa jirgin kansa ba wuya. Yawancin jirage daga tashar Pireas suke tashi, kuma jirgin ƙasa na cikin gari yana kai mutum har bakinta, wasu jiragen ruwan kuma daga tashar Rafina ko ta Lavrio. Tashar Pireas tana da faɗi, ƙofofinta suna da lamba, don haka a duba lambar da ke kan tikiti, a isa da wuri. Wanda bai taɓa shiga teku ba ya fara da tsibirin Egina, wanda babban jirgi ke kaiwa cikin sa'a ɗaya da 'yan mintoci, a je da safe a dawo da yamma. Santorini kuwa takan ci kusan sa'a takwas a babban jirgi, Kriti kuma kwana ake yi a hanya.

Inda mutanenmu suke shan wahala shi ne takardu. Tikitin jirgi da sunan mutum ake yankarsa, kuma dole sunan ya zo daidai da yadda yake a fasfo, ba sunan da abokai suke kiransa da shi ba. A tafi da fasfo da katin izinin zama na asali. Hoton da ke cikin waya ko kwafin takarda ba ya gamsar da ɗan sanda, kuma kowa ya san baƙar fata ce ake fara tsayarwa a bakin jirgi. Wanda izininsa ya ƙare, yana riƙe da shuɗiyar takardar nan da ake bayarwa bayan an nemi sabuntawa, zamansa a Girka halal ne kuma yana iya zuwa tsibiri, amma takardar ba ta ba shi damar shiga sauran ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai da ake zirga-zirga tsakaninsu ba tare da binciken iyaka ba. Jiragen da ke tashi daga Patra da Igumenitsa zuwa Italiya ba nasa ba ne, komai arahar tikitin.

Tsibiran gabas, waɗanda ake hango gaɓar Turkiyya daga cikinsu, suna da nasu hukuncin. Tun bayan yarjejeniyar Tarayyar Turai da Turkiyya ta watan Maris na 2016, masu neman mafaka da suka shigo ta Lesbos, Kiyos, Samos, Leros ko Kos akan hana su barin tsibirin har sai an ɗage musu takunkumin. Saboda haka binciken da ake yi wa mai hawa jirgi daga can zuwa Pireas ya fi na ko'ina tsanani. Shiga ba ta da wuya, fitar ce aiki. Wani yaro daga unguwarmu ta Kipseli ya tafi Samos ziyarar abokinsa, ya bar katinsa a ɗaki wai don kada ya ɓace. Da zai dawo aka tsare shi, jirgi ya tafi ya bar shi, sai da 'yan'uwa suka yi karo-karo aka tura mutum da katin. Na yi alfahari da yadda jama'armu suka tashi tsaye ba tare da sun tambayi ɗan wace ƙasa ne ba, na Najeriya da na Nijar da na Gana duk suka sa hannu a aljihu, amma kuɗin da aka kashe ya isa ya biya wa wani hayar ɗaki, kuma an gaya wa yaron tun kafin ya tafi.

A waɗannan tsibiran ne kuma ake tallar yawon yini ɗaya zuwa Turkiyya, daga Kos zuwa Bodrum ko daga Samos zuwa Kushadasi. Tafiyar gajeriya ce, amma ƙetare iyakar Shengen ce, tana buƙatar bizar Turkiyya, kuma mai neman mafaka kada ma ya yi tunaninta. Haka nan duk wanda yake da ranar ganawa da hukumar mafaka ko ranar ɗaukar hoton yatsa ya bar kwanaki masu yawa tsakaninta da dawowarsa. A watannin Yuli da Agusta iskar arewa da ake kira meltemi takan taso a tekun Ejiyan, idan ta yi ƙarfi hukumar tasha ta hana jirage tashi, ƙanana masu gudu su ne suke fara tsayawa. Wanda bai halarci ganawarsa ba ana iya ɗaukar cewa ya janye buƙatarsa, kuma gyara hakan sai da lauya.

Masauki a kama shi tun daga Atina, a riƙe shaidar biya, domin akwai masu ɗakunan da suke amsa waya da fara'a, idan suka ga fuska sai su ce ɗaki ya cika. A guji makon 15 ga Agusta, ɗaya daga cikin manyan bukukuwan Kiristocin Girka, lokacin da Atina take tashi gaba ɗaya zuwa tsibirai, tikiti ya yi wuya, farashi ya hau. Game da abinci, giros da suvlaki, wato gasasshen naman da ake sayarwa ko'ina, na naman alade ne sai fa idan an ce na kaza. Wanda yake kiyaye yanka ya tsaya ga kifi, wanda ba ya yankewa a bakin teku. Yawancin tsibirai ba su da masallacin da ake salla a ciki, don haka a sa darduma a jaka. Rodos da Kos ne suke da tsofaffin al'ummun Musulmi, kuma a tsohon garin Rodos har yanzu ana salla a masallacin Ibrahim Fasha.