Kurakuran da ke hana murhu da ƙwan fitila masu tsimin makamashi shiga gidaje

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin wutar 'yan rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta a rana, kuma ya kai naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, sai mutum ya zata kayan da ke rage cin wuta da itace za su riƙa tafiya kamar ƙosan safe. Abin bai zama haka ba. Masu kawo kayan sukan ce jama'a ne ba su waye ba, ni kuwa ban yarda ba. Uwargidan da ke lissafin kuɗin gawayi kullum ta fi kowa sanin tsimi. Yawancin kuskuren daga wajen masu talla yake.

Babba a ciki shi ne neman kuɗi a dunƙule. Mai sayen itacen yau da kuɗin yau ba shi da na murhu mai tsimin itace irin Save80 a ajiye, ko da ya tabbata zai mayar da kuɗinsa. A raba masa biyan mako-mako, daidai da abin da murhun ke rage masa. Hanyar tana nan tun kaka da kakanni: adashi. A zauna da uwar adashi, duk wadda ta yi kwasa ta ɗauki nata.

Sai kuma ƙera murhu ba tare da an shiga madafa ba. Wannan ya fi ba ni takaici. Tuƙin tuwo aikin ƙarfi ne. Ana danna muciya, tukunya na neman gudu. Duwatsu uku suna riƙe ta daram, ko wace iri ce. Idan sabon murhu yana rawa, ko ba ya ɗaukar tukunyar gidan da ake ciyar da mutum goma sha biyar, ko sai an faskara itace ƙanana-ƙanana kafin ya shiga, za a dafa shayi da shi kwana biyu a jingine shi a bayan ɗaki. Maganin shi ne a kai shi gidan suna ko wurin mai tuwo-tuwo, a ɗora tukunya biyu da itace daidai wa daida, mata su gani da idonsu, su faɗi aibinsa, a koma a gyara.

Rabon kyauta ma yana kashe kasuwa. A 2014 gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 9.2 don sayen murhu 750,000. Shirin ya ƙare cikin ce-ce-ku-ce, yawancinsu ba su kai hannun mata ba. Wanda ya ji za a raba, ba zai saya ba, ɗan kasuwa kuma ya nade tabarmarsa. Ghana ta bi wata hanya: a 2007 ta raba ƙwai masu tsimi miliyan shida tana karɓe tsofaffin, a 2008 kuma ta kafa dokar hana shigo da tsohon samfurin.

A daina yi wa mai saye wa'azin sauyin yanayi, a yi masa lissafi. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da hasken tsohon mai wat 60. Awa shida kullum, a wata an rage yunit tara, wato sama da naira dubu biyu a wancan farashin na naira 225, daga ƙwai ɗaya tak. Amma fa sai gidan da ke da mita. Wanda ake kawo wa bil na kiyasi, ko ɗan hayar da ake raba wa kuɗin wuta ɗaki-ɗaki, ba zai ga ribar ba, don haka a fara da masu mita da masu janareto da sola.

Jabu kuwa, ƙwai ɗaya da ya mutu cikin mako yana ɓata sunan sauran a layi guda. A rubuta ranar sayarwa a jikin kayan, a ba da garanti a kuma cika shi, sannan a koya wa maƙeri ko mai gyaran wuta na unguwar yadda zai sauya abin da ya lalace, a bar masa kayan gyaran a shagonsa.