Yadda kamfani zai auna ko kuɗin tsaron bayanai zai biya kansa

Tsaron bayanai ba ya kawo ciniki, asara yake tarewa, don haka daga asarar ake fara lissafi.

Zaɓi haɗari guda, ka yi masa farashi. A ce kamfanin rarraba kaya ne a Wuse, masu kutse suka kulle sabarsa, wato kwamfutar da ke riƙe da bayanansa, suna neman kuɗin fansa. Kwana 3 ba aiki, kowace rana ana rasa naira miliyan 4, miliyan 12 ke nan. Ƙara ladan ƙwararren da zai farfaɗo da bayanai, da lauya, da kwastomomin da za su gudu, a ce miliyan 8. Jimla miliyan 20. Idan kana ganin hakan na iya faruwa sau ɗaya a shekara 4, raba da 4: asarar shekara miliyan 5 ce.

Kada ka manta da tara. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, ikon cin manyan masu riƙe bayanan jama'a tarar da za ta iya kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa.

Sai maganin. Ajiyar kwafin bayanai da ba ta haɗe da intanet, in ta rage asarar da kashi 70, ta ceto miliyan 3.5. In tana cin miliyan 1.5 a shekara, ribarka miliyan 2. Gordon da Loeb na Jami'ar Maryland sun nuna a 2002 cewa galibi bai kamata a kashe fiye da kashi 37 na asarar da ake hasashe ba. A nan miliyan 1.85 ke nan, ba ka haura ba.

Wurin da lissafi ya fi karkacewa shi ne kuɗin maganin. Ana rubuta farashin saye, a bar lasisin shekara-shekara, wanda sau da yawa da dala ake biya, ga albashin mai lura da na'urar, ga dizal da batirin inbata. Kason rage asarar da dillali ya faɗa ma, tallarsa yake yi, nemi gwaji.

Kuma ba a tara kason magani biyu. Na biyu in yana rage kashi 50, a kan ragowar miliyan 1.5 zai yi aiki, wato dubu 750 kawai zai ceto. “Sau ɗaya a shekara 4” kuwa hasashe ne. Sake lissafin da shekara 2, da kuma 8, ka kai wa daraktoci duka ukun.