Yadda za ka raya ciyawar ruwa a tankin kifi na gilas in yashi ka zuba a ƙasa

Abu na farko da ya kamata ka riƙe tun kafin ka kashe ko sisi shi ne yashi ba shi da abinci, aikinsa kawai ya riƙe saiwa. Mutane da yawa sukan sayo ciyawa mai kyau su soka ta cikin yashi, bayan sati uku ganye ya yi ɗorawa ya fara narkewa, sai su ce ai yashi ba ya raya komai ko kuma an sayar musu da jabu, alhali yunwa ce kawai ta kashe ta. In ka gane wanga batu sauran duk mai sauƙi ne.

Mu a Kebbi yashi ba matsala ba ne, ga gulbi a Argungu ga kogin Neja a Yauri, masu tifa kullum suna kawowa. Amma ba kowane za ka ɗiba ba. Rairayi mai laushi irin na filasta ka bar shi, yana danƙarewa ya hana ruwa shiga, saiwa ta ruɓe a ciki. Ka nemi yashin gulbi mai ɗan tsakuwa-tsakuwa, wanda ƙwayarsa ta kai kamar milimita 1 zuwa 2, ka tace shi da rariya ka fidda itace da ɓawon katantanwa. Daga nan ka ɗebi kaɗan a faranti ka ɗiga masa ruwan khal, in ka ga yana kumfa to akwai farar ƙasa ko ɓawo a ciki kuma zai riƙa narkewa yana ƙara wa ruwanka sinadarin farar ƙasa, gara ka canza wani. Sai wanki, kuma a nan ne yawancinmu ke gajiya. Ka zuba rabin bokiti, ka sa ruwa ka juya da hannu ka tsiyaye, ka sake, ka yi ta yi har ruwan ya fito garau, don Allah kada ka sa omo ko sabulu ko kaɗan. In ka gama ka kwara masa tafasasshen ruwa ko ka shanya shi a rana ya bushe ƙamas.

Zurfin yashin ya zama santimita 5 zuwa 7, baya ya ɗan fi gaba tudu. Tanki mai tsawon santimita 60 da faɗin 30 zai ci yashi wajen kilo 14 in ka tsaya a santimita 5. Kada ka ce bari in cika shi sosai don saiwa ta ji daɗi, in ya yi zurfi da yawa iska ba ta kai wa ƙasa, sai wurin ya yi baƙi ya riƙa tara wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wadda ba ta da kyau ga kifi ko saiwa.

To yanzu zaɓen ciyawa, wanda a ganina shi ne rabin aikin. Akwai masu cin abinci ta ganye daga cikin ruwa, akwai masu ci ta saiwa. Wanda yake farawa ya fara da na farkon, don su ba ruwansu da ko yashi ne ko tsakuwa. Anubias ita ce gaba, kuma abin da zai ba ka sha'awa asalinta ma daga nan yammacin Afirka take, har da kudancin Najeriya da Kamaru, tana jure ƙarancin haske kuma kifi ba su cika cin ganyenta ba don yana da tauri. Sai Java fern wadda ta fito daga kudu maso gabashin Asiya. Su biyun nan suna da wani kauri da ke kwance kamar ɗanyar citta, daga jikinsa ganye da saiwa ke fitowa, wannan kaurin ba a binne shi, in ka binne zai ruɓe ciyawar ta mutu. Ɗaure shi za ka yi da zare a jikin dutse ko itace, ko ka ɗiga sufa gulu kaɗan ka manna, bayan 'yan makonni saiwar za ta kama da kanta. Hornwort kuma ba ta da saiwa kwata-kwata, ka sake ta kawai ta yi ta yawo, tana girma da sauri tana shanye dattin da kifi ke fitarwa.

Masu ci ta saiwa su ne irin su Vallisneria mai dogon ganye siriri, da Amazon sword, da Cryptocoryne. Waɗannan dole sai ka ba su taki a ƙasa. Akwai ƙwayar taki da masu kayan kifi ke sayarwa, rut tab suke ce mata, sai ka tura guda ɗaya can ƙasan yashi kusa da gindin ciyawar, ka riƙa sabuntawa kamar duk wata uku. A Birnin Kebbi ba lallai ka samu a shago ba, yawanci sai an yi oda daga Legas ko Abuja an sako a mota. Ina roƙonka ɗan uwa kada ka ce ga yuriya ko NPK da ya rage na shinkafa bari in barbaɗa, na san a gidajenmu ba a rasa shi, amma yuriya tana komawa amoniya a cikin ruwa kuma amoniya guba ce ga kifi, a tanki ƙarami ba ta ɗaukar lokaci. Wajen dasawa ka ɗan rage tsawon saiwar da almakashi, ka tura ta ciki sannan ka ɗan jawo sama har wuyan da ganye ke fitowa ya zauna daidai saman yashi. In tana tasowa ka tokare da ƙaramin dutse. Cryptocoryne takan zubar da ganyenta duka bayan dashe, kada ka cire ta, in saiwar na da rai za ta sake tsirowa.

Namu na gida ma suna yi. Kainuwa tana zama a saman ruwa tana yi wa kifi inuwa, sai dai ka riƙa rage ta don kada ta tare haske. Bado shi ma yana yi in tankin babba ne kuma ka ba shi taki. Amma duk abin da ka ɗebo daga fadama ko tabki ka yi hattara ƙwarai, dodon koɗi na ruwan da ba ya gudu shi ke ɗauke da cutar tsargiya mai sa fitsarin jini, ga kuma maganin feshi na gonakin shinkafa. Ka sa safar roba, ka wanke, ka duba ƙarƙashin ganye ka kankare ƙwan dodon koɗi, ka ajiye a wani bokiti daban na sati biyu zuwa uku kana canza ruwa kafin ya shiga tankinka.

Haske awa 6 zuwa 8 a rana ya isa, farin ƙwan LED mai 6500K, wato mai haske irin na rana, wanda ke aiki da sola ko caji ya fi don yadda ake ɗauke wuta. Kada ka ajiye tankin inda rana ke dukansa kai tsaye, gansakuka za ta rufe gilas ruwa ya koma kore. Zafi kuwa shi ne babban abin da muke fama da shi, yawancin ciyayin nan sun fi son ruwa tsakanin digiri 22 zuwa 28, mu kuma daga Maris zuwa Mayu gari yana haura 40. Ka kai tankin ɗakin da ya fi sanyi, ka buɗe murfin ka saita ƙaramar fanka tana hura saman ruwa, hakan yana sauke zafin da digiri 2 ko 3 amma ruwa zai riƙa raguwa sai kana ciko. Kuma da dare ciyawa ita ma iskar oksijin take shaƙa kamar kifi ba ta fitarwa, shi ya sa famfon iska mai batir yake da amfani a daren bazara in babu wuta.

Kifi kada ka yi gaggawar zubawa, ka bar tankin da ciyawa da filta, wato na'urar tace ruwa, suna aiki na sati 4 zuwa 6 ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke sarrafa amoniya su zauna, kana ɗan jefa abincin kifi kaɗan don ƙwayoyin su samu abin ci. Gargaza da tarwada ba na wanga tanki ba ne, tono suke yi su tumɓuke komai, golfish ma haka har cin ganye yake. Ƙananan kifayen ado irin su gofi da moli da tetra sun fi zama lafiya da ciyawa.

Duk sati ka canza kwatan ruwan. In na famfo ne ka tara a bokiti ya kwana a buɗe don kulorin ya fita, kuma wajen zubawa ka aza faranti a kan yashi ka zuba a kansa don kada ya tona maka dashe. Wajen zuƙe datti ka riƙe bakin tiyo sama kaɗan da yashin kana ɗan kaɗa shi, dattin zai taso ya shige yashin ya zauna, inda babu ciyawa kuma ka ɗan soka tsinke ka motsa saman yashin, amma gindin masu saiwa ka bar shi yadda yake don can takinka yake binne.