Kurakuran Ɗaliban Binciken Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa a Zariya

Duk shekara ɗaliban digiri na biyu a Samaru kan maimaita kurakurai iri ɗaya, kuma yawancinsu daga yarda da kwamfuta fiye da kima suke tasowa.

Ɗauki MODFLOW, manhajar kwaikwayon tafiyar ruwan ƙarƙashin ƙasa da hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta fitar a 1984. Ginshiƙinta dokar Darcy ce ta yadda ruwa ke ratsa ƙasa, wadda injiniyan Faransa Henry Darcy ya samo a 1856 bayan ya tsiyayar da ruwa cikin yashi. To ƙasar Zariya ba yashi ba ce. Dubi Dutsen Kufena: irin wannan tsohon dutsen ne shimfiɗe a ƙarƙashinmu, ruwa kuwa yana maƙale ne a ruɓaɓɓen samansa da kuma cikin tsagoginsa. Shi ya sa burtsatse biyu a layi ɗaya, wata ta yi ta ambaliya, wata ko cokali ba ta cikawa. Ɗalibi sai ya kwafo adadin saurin ratsawar ruwa daga littafin wata ƙasa, ya shimfiɗa wa yankin duka, taswira ta fito da launi mai kyau, ya ce ya gama. Gyaran shi ne a raba saman da ya ruɓe da dutsen da ke ƙasa, a yi gwajin zuƙar ruwa a burtsatse ta gaske, a samo adadin daga nan.

Sai auna zurfin rijiyoyi sau ɗaya tak, a watan Satumba, lokacin da ko'ina ya ƙoshi. A koma a Afrilu mana, sa'ad da guga ke dawowa da laka. Kuma a auna da asuba kafin matan gida su fara ja.

Wajen na'urar auna maganaɗisu, wadda ake gano yanayin dutsen ƙarƙashin ƙasa da ita, abin har dariya yake ba ni. Na ga wanda ya yini a rana yana ɗaukar awo, ga waya a aljihu, ga makullin babur, ga bel mai kan ƙarfe, ya bi ta gindin turakun lantarki. Kayan jikinsa ya auna. A tuɓe duk wani ƙarfe tukuna. Sannan ƙarfin maganaɗisun duniya yana sauyawa cikin yini, musamman da tsakar rana a nan, don muna kusa da layin tsakiyar maganaɗisun duniya. A ware wuri guda da za a riƙa komawa ana sake awo, a cire bambancin. Kusancin nan ne ma ke sa alamar dutse ta fito a juye, wanda ya karanta ta da idon Turai zai haƙa inda babu komai.

Masu duba ƙwayoyin cuta a ruwa nasu gajere ne: kwalbar da aka kashe wa ƙwayoyi, ba gorar da aka tsinta a bakin rafin Kubanni ba, a sa ta cikin ƙanƙara, ta isa ɗakin gwaji cikin 'yan sa'o'i. Ruwan da ya kwana a but ɗin mota, a zubar a ɗebo wani.